Jaririn da Ke Kumfa a Baki: Abin da Likitan Barci Ke Fuskanta Kafin a Buɗe Ƙirji

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin mu yi bayani a kan wani aiki da jama'a suka raina, wato sa majinyaci barci kafin tiyata. A ganin mutane da yawa, likitan barci allura ɗaya yake yi ya koma gefe ya naɗe hannu. To, akwai majinyatan da ransu ke rataye a yatsun wannan likita tun daga shigarsu ɗakin tiyata har fitarsu, kuma a sahun gaba akwai jariran da aka haifa da tawaya a hanyar numfashi, waɗanda dole sai an buɗe musu ƙirji. Za mu fi tsayawa a kan guda ɗaya, wadda hanyar abinci ke toshewa ta kuma haɗe da hanyar iska. Da ungozoma muke, da nas-nas na ɗakin haihuwa, da ma'aikatan ƙananan asibitoci, da iyaye, domin rabin aikin a hannunsu yake gyaruwa ko ya ɓaci.

A wuyan ɗan Adam bututu biyu ne a jere: na iska a gaba, na abinci a bayansa. Tun ciki yana ɗan makonni huɗu zuwa shida suke rabuwa daga bututu guda. Idan rabuwar ba ta kammala ba, sai a haifi jariri da wannan tawaya, kuma ana samun kusan ɗaya a cikin haihuwa 3,000 zuwa 4,500. A kusan kashi 85 cikin ɗari siffarta ɗaya ce: hanyar abinci ta sama ta sauko ta tsaya a saman ƙirji kamar aljihu, ba ta zarce ba, ita kuma ta ƙasa wadda ta taso daga ciki, maimakon ta haɗu da 'yar'uwarta, sai ta je ta manne a bayan bututun iska, dab da mararrabar da ya rabu zuwa huhun dama da na hagu. Wannan mahaɗa muke kira ɓarauniyar hanya. Ɓarnarta ta fuska uku ce. Yawu ya cika aljihun sama ya malalo cikin huhu. Ruwan tsamin ciki ya hauro ta ɓarauniyar hanya ya ƙona huhu. Iskar da ya kamata ta shiga huhu kuma ta zille ta faɗa ciki. Kafin 1941, shekarar da likitan tiyata Cameron Haight ya yi nasarar ɗinke hanyar a aiki guda a Michigan ta Amurka, kusan duk jaririn da ya zo da ita mutuwa yake yi.

Gane ta ba ya buƙatar wata babbar na'ura. Sau da yawa tun a wurin awo an ce wa uwar ruwan cikinta ya yi yawa, saboda ɗan tayin ba ya iya haɗiye shi. Bayan haihuwa sai a ga kumfa fara tana fitowa ta baki da hanci, a goge ta dawo, a sake gogewa ta sake dawowa. Da an sa masa nono sai ya ƙware, ya yi tari, leɓɓansa su yi shuɗi. Gwajin shi ne a zura roba mai ɗan kauri, lamba 10, ta baki. Idan ta cije a santimita 10 zuwa 12 daga dasashi, magana ta ƙare. Kada a yi da siririyar roba mai laushi: ita naɗewa take yi a cikin aljihun, mai zurawa ya ɗauka ta kai ciki. Sai a ɗauki hoto ɗaya da ya haɗa ƙirji da ciki, robar na nan a wurinta. Ganin iska a hanji shaida ce ta ɓarauniyar hanya, domin ba ta da wata ƙofar da za ta bi. Ba a ɗura ruwan hoto a aljihun nan, huhu zai tafi.

A nan muke roƙon kakanni da gwaggwanni. Mun san al'adar ɗiga wa jariri zamzam, ko ruwan dabino, ko rubutu, kuma da niyyar alheri ake yi. Amma jaririn da ke kumfa a baki, ko ɗigo ɗaya kada a ba shi, har nonon uwa. Jaririn da aka yi kwana uku ana gwada shayar da shi yana ƙwarewa, yakan iso asibiti da huhun da ya riga ya ruɓe da ciwon namoniya, kuma irin wannan huhu shi ne mafi wuyar sha'ani a hannun likitan barci.

Kafin a kama hanyar babban asibiti, irin na koyarwa da ke Kano, Shika, Sakkwato ko Maiduguri, a ɗaga kan jaririn da kafaɗunsa kamar digiri 30. A bar roba a cikin aljihun ana zuƙe yawun da sirinji duk minti 10 zuwa 15, har a cikin mota. Inda akwai robar Replogle mai rami biyu, a haɗa ta da injin zuƙa a hankali ba tsayawa. A sa ƙarin ruwa mai sukari kashi 10, mililita 60 zuwa 80 ga kowane kilo a yini, wato mililita 6 zuwa 8 a awa ga jariri mai kilo 2.5. A yi masa allurar bitamin K, a fara maganin kashe ƙwayoyin cuta, a lulluɓe shi har kai. Oksijin kuwa ta siririyar robar hanci za a ba shi.

Ga inda gizo ke saƙa. Duk ma'aikacin lafiya an koya masa cewa in jariri ya yi shuɗi a ɗauko jakar hura iska a matsa. A wannan jaririn, matsawar nan tana iya zama ajalinsa. Iska kamar ruwa take, inda ya fi sauƙi take bi. Huhun da ya kumbura da ciwo, ko huhun bakwaini da bai nuna ba, tauri gare shi, ciki kuwa laushi gare shi. Kowace matsawa sai wani kaso na iskar ya bi ɓarauniyar hanya, ciki ya kumbura kamar ganga, ya tokare tantanin da ke tsakaninsa da ƙirji, huhu ya rasa wurin buɗewa. Mai matsawa ya ga jariri na ƙara shuɗi, sai ya ƙara ƙarfi, abin ya ƙara ta'azzara. Ƙarshenta ciki na iya fashewa. Kuma babu yadda za a sace iskar ta robar hanci kamar yadda ake yi wa sauran jarirai, tunda hanyar a toshe take. Saboda haka muddin jariri yana numfashi da kansa, a bar shi ya yi. In numfashi ya tsaya dole ne a hura, amma da yatsu biyu, ƙanana-ƙanana, daidai yadda ƙirji zai ɗan motsa.

Iyaye kan yi ƙorafi cewa an kawo yaro da gaggawa amma an kwana ɗaya ko biyu ba a shiga da shi ba. Jinkirin nan da dalili. Kusan rabin waɗannan jarirai suna zuwa da wata tawayar, a zuciya, ko ƙoda, ko ƙashin baya, ko hannu, ko dubura da ba ta da ƙofa. Ta zuciya ce ta fi muni, don haka sai an yi sikanin zuciya. Alƙaluman da likitan tiyatar yara Lewis Spitz ya fitar daga Landan a 1994 sun nuna nauyin abin: jariri mai kilo 1.5 ko fiye da ba shi da babbar tawayar zuciya, kashi 97 sun rayu. Mai ɗaya daga matsalolin biyu, wato nauyin da bai kai haka ba ko babbar tawayar zuciya, kashi 59. Mai duka biyun, kashi 22. Sikanin yana kuma nuna ta wane ɓangare babbar jijiyar jini ta lanƙwaso, domin a 'yan ƙalilan ta dama take bi, kuma hakan na iya sa likitan tiyata ya shiga ta hagu. Wanda ba a jira da shi shi ne bakwainin da ke kan injin numfashi cikinsa na kumbura. Shi a daren za a shiga a ɗaure ɓarauniyar hanyar, ɗinkin hanyar abinci ya biyo baya.

Komai na wannan majinyaci ƙarami ne, kuskure kuwa ba ya ƙanƙanta. Jinin jikin jariri mai kilo 2.5 duka-duka kamar mililita 210 ne, bai kai rabin ledar fiya wata ba. Zubar mililita 20 ya ci kashi ɗaya cikin goma. Saboda haka sai jini ya iso ɗakin kafin a fara, ana auna audugar da ta jiƙe, a mayar da mililita 10 zuwa 15 ga kowane kilo in buƙata ta taso. Numfashinsa ɗaya kamar cikin babban cokali ne, mililita 15 zuwa 18, ga shi yana cin oksijin ninki biyu na babba in aka auna da nauyinsa, shi ya sa cikin daƙiƙu kaɗan yake shuɗewa. A kashe na'urar sanyaya ɗaki ko da ma'aikata za su yi gumi, a ɗumama ruwan wanke fata da na ƙari. A sa kanula biyu, a kori duk wani kumfan iska daga robar ƙarin ruwa, domin ta ramin zuciya yana iya haurawa ƙwaƙwalwa. A maƙala ma'aunin oksijin ɗaya a hannun dama, ɗaya a ƙafa. Magunguna a tsarma su tun da wuri a rubuta a jikin sirinji: atirofin, misali, maganin da ke ɗaga bugun zuciya, maikirogiram 20 ne ga kilo, don haka kwalbar miligiram 0.6 a mayar da ita mililita 6, a ba jaririn nan rabin mililita. Yawancin kuskuren ninki goma a gaggawar tsakiyar aiki ake yin sa.

Wajen sa barcin kansa masana sun kasu. Wasu na barin jariri yana numfashi da kansa a ƙarƙashin iskar sa barci ta sebofuluren har a ɗaure ɓarauniyar hanya. Wasu na ba da maganin sassauta tsoka, su hura da hannu a hankali, matsin bai wuce santimita 10 zuwa 15 na ruwa ba. Ra'ayinmu shi ne a fara da numfashin kansa har a ga girman ramin ɓarauniyar hanyar a bangon bututun iska da wurin da yake, sannan a yanke shawara; da zarar an buɗe ƙirji kuwa, ba jaririn da zai ɗauki nauyin numfashinsa shi kaɗai a kwance a gefe, dole a taimaka masa. Inda halotan ne kaɗai maganin sa barcin da ke hannu a yi hattara, yana rage bugun zuciyar jariri da ƙarfinta, atirofin ya riga shi shiga. Iskar naitiros, wadda ita ma ta sa barci ce, ba ta da gurbi a nan ko kaɗan, domin duk inda iska ta taru a jiki sai ta shiga ta ƙara kumbura shi. Kafin komai kuma a zuƙe aljihun sama tas.

Leƙa bututun iska da madubi kafin a sa roba yana biyan wahalarsa. Yana nuna ko ramin yana sama da mararraba da santimita ɗaya ko biyu, ko kuwa a kan mararrabar yake har ta zama hanya uku. Yana nuna faɗinsa. Wanda ya wuce milimita 3 shi ke shan iska da yawa, kuma bakin roba na iya faɗawa ciki. Yana tona ɓarauniyar hanya ta biyu a sama in akwai, da laushin bangon bututun. In ramin babba ne, ana iya zura siririyar robar Fogarty lamba 2 ko 3 a hura ƙwallonta ta toshe shi. Amfaninta da haɗarinta tare suke: in ƙwallon ya zame ya dawo bututun iska, ya rufe numfashi ɗungurungum, maganin kuma a sace shi nan take.

Sai zaman robar numfashi, wanda shi ne zuciyar aikin. Bututun iskar jariri tsawonsa kamar tsinken ashana ne, santimita 4 ko ɗan fiye, kuma ana so bakin roba ya zauna ƙasa da ramin amma sama da mararraba, tazarar da wani lokaci ba ta kai santimita ɗaya ba. Roba mai faɗin milimita 3 ko 3.5 ake ɗauka, an fi son wadda ba ta da ƙaramin rami a gefen bakinta. Dabarar da aka saba ita ce a tura ta da gangan har ta shiga reshen dama, a ɗora abin saurare a hammatar hagu, a riƙa janyo ta milimita-milimita har a fara jin iska a huhun hagu, sai a tsaya cak. A juya ta yadda yankakken bakinta zai fuskanci gaba, doguwar bayanta ta jingina da ramin ta rufe shi. A saurari saman ciki a tabbatar ba a jin iska na shiga. Lissafin nan da aka saba na nauyin jariri a ƙara 6 domin sanin zurfin roba a leɓe, a nan jagora ne kawai, sau da yawa sai an ɗan wuce shi. A ɗaure da filasta sosai, a rubuta lambar. Idan ramin a kan mararraba yake, wannan dabara ba ta aiki; sai dai a tura robar reshen hagu a yi aiki da huhu ɗaya, ko a koma ga Fogarty.

Daga nan a kwantar da jariri a gefen hagu, hannun dama a sama, a sake saurare daga farko, domin sunkuyar da kai na tura roba ciki, ɗaga haɓa na janyo ta waje, kuma motsin santimita ɗaya ya isa ya rushe duk abin da aka gina. Likitan tiyata zai shiga ta tsakanin haƙarƙari na huɗu da na biyar a dama, ya ture huhun gaba ya kai ga bayan bututun iska. A wannan lokaci gara hannu a kan jakar hura iska ta Jackson Rees da barin inji, saboda yatsu na jin canjin tauri kafin na'ura ta yi ƙara.

Oksijin zai faɗi, babu makawa. Abin tambaya shi ne me ya faɗar da shi. In a hankali yake sauka bayan an danne huhu, to dannewar ce: a ce wa likitan tiyata ya saki, a buɗe huhun da 'yan hurawa, a jira oksijin ya koma kashi 90 zuwa 95, a ci gaba. Ana iya yin haka sau biyar ko goma, ba abin kunya ba ne. In jaka ta yi tauri farat ɗaya, ko dai ƙarfen da ke riƙe da huhu ya lanƙwasa bututun iska, wanda sakinsa ke warwarewa nan take, ko gudan jini da majina sun toshe robar. A zuƙe, in ya ƙi a canja roba, duk da wuyar yin hakan a kwance a gefe. In kuwa layin iskar da jariri ke fitarwa ya ɓace daga allo, ƙirji ya daina motsi, ciki na tashi, to roba ta faɗa ɓarauniyar hanya: a janyo ta baya kaɗan, likitan tiyata ya taɓa da yatsa ya faɗi inda bakinta yake. Saukar bugun zuciya a jariri rashin oksijin ne har sai an tabbatar da wani dalili. Wasu na ganin huda ciki a sace iska shi ne mafita in ya kumbura. Yana sauƙaƙa tokarewar, amma ya buɗe wa iska ƙofar fita waje gaba ɗaya, huhu mai tauri ya tashi a tutar babu. In an yi shi, a nutsa bakin robar cikin ruwa a kwalba domin a samu ɗan turjiya. Mafita ta gaskiya ita ce yatsan likitan tiyata ko maƙalarsa a kan ɓarauniyar hanyar.

Kafin a ɗaure ta, a matse ta tukuna a hura a ga huhun dama na buɗewa duka. A cikin fili mai faɗin akwatin ashana, reshen huhu da ɓarauniyar hanya suna kama da juna, kuma an sha ɗaure wanda bai kamata ba. Bayan an yanke an ɗinke, a zuba ruwan gishiri mai ɗumi a wurin, a hura a duba ko kumfa na tashi. Sannan likitan barci ya tura roba ta baki domin a gane ƙasan aljihun sama, daga baya a zura siririyar roba ta hanci ta ratsa ɗinkin zuwa ciki. Wannan roba a rubuta a goshin gado cewa in ta fita ba mai mayar da ita sai likitan tiyata.

Maganin zafi a haɗa shi daga wurare da dama domin a rage masu danne numfashi: farasitamol ta jijiya, fentanil kaɗan-kaɗan, da bufibaken, allurar kashe zafin wuri, a tsakanin haƙarƙari, wanda ba zai wuce miligiram 2 ga kilo ba, wato mililita 2 na mai ƙarfin kashi 0.25 ga jaririn da muke misali da shi. Cire robar numfashi a ɗakin tiyata ya dace da jariri cikakken wata tara, mai ɗumi, mai huhu lafiyayye, wanda ɗinkinsa bai ja ba. In ana shakka gara a bar ta, domin mayar da roba cikin gaggawa, da ɗaga wuya da hura iska da ƙarfi, shi ke yaga sabon ɗinki. Wannan na nufin tun kafin a fara aiki a san akwai injin numfashi na jarirai, da wuta, da nas da za ta kwana a kansa. A ɗakin jinya a auna robar zuƙe majina a yi mata alama, kada ta wuce maƙogwaro ta kai ga ɗinkin.

Sauran tawayoyin a taƙaice, darasinsu na kusa da wannan. Akwai jaririn da wani sashen huhunsa, galibi na saman hagu, ke karɓar iska ba ya fitarwa, har ya kumbura ya ture zuciya gefe. A hoto yana kama da iskar da ta taru a wajen huhu, wanda ya yi gaggawar soka robar ƙirji kuwa huhun ya huda. Shi ma ba a hura masa da ƙarfi, ba naitiros, kuma ba a sa shi barci sai likitan tiyata ya wanke hannu wuƙa na kusa, domin buɗe ƙirjin ne ke ceto in ya rikice. Akwai wanda guringuntsin bututun iskarsa ya zagaye ruf kamar zobe maimakon ya bar baya a buɗe; roba za ta wuce maƙogwaro ta cije a ƙasa. Kada a tura. Kumburin milimita ɗaya a bututu mai faɗin milimita 4 na ninka wahalar shigar iska har sau 16. Akwai kuma reshen saman huhun dama da ke fitowa kai tsaye daga bututun iska sama da mararraba, wanda mutum kan girma da shi bai sani ba sai ranar tiyatar ƙirji, lokacin da ƙwallon roba ya rufe bakinsa sashen ya lotse, ko a toshe reshen dama a ga saman huhun ya ƙi kwantawa. Duba hoton sikanin ƙirji da idon likitan barci kansa, ba karanta rahoto kawai ba, shi ke tona wannan.

Ga iyayen da aka sallami ɗansu: tarin nan mai kama da haushi da yawancinsu ke yi, daga laushin bangon bututun iska yake, kuma yakan ragu da girma. Amma in yaro na shuɗewa ko ɗauke numfashi lokacin shan nono, a dawo da shi ranar. Da yawansu za a sake sa su barci domin faɗaɗa wurin ɗinki in ya tsuke, kuma inda aka yanke ɓarauniyar hanya yakan bar ɗan lotsi a bayan bututun iska wanda bakin roba ke iya faɗawa ko bayan shekaru. A nemi takardar da ta faɗi irin tawayar, wurin da ramin yake, lambar robar da aka sa da zurfinta, a adana ta tare da katin rigakafi, a miƙa wa duk likitan barcin da zai sake taɓa yaron, ko da kaciya ce.

Wassalam.

Wasu likitocin sa barci da ma'aikatan jinyar jarirai,
Kano.